Maigidana yana so ya buɗe asusun karta da sunana

"Assalamu alaikum Anti. Shekararmu shida da aure, 'ya'yanmu biyu. Kusan shekara guda ke nan maigidana yana buga karta a waya, ta wata manhaja da ake zuba kuɗi a buga da wasu mutane. Da na yi magana sai ya ce wannan ba caca ba ce, wasan ƙwaƙwalwa ne, wanda ya iya shi ke ci. Har ya nuna mini hatimin lasisi a ƙasan shafinsu. Watan jiya ya ce sun rufe masa asusu da kuɗinsa a ciki, wai suna bincike. Yanzu yana so in ba shi katin shaidata da lambar asusuna na banki ya buɗe sabo da sunana, ya ce na ɗan lokaci ne kafin a sakar masa nasa. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Don Allah, abin nan doka ta yarda da shi? Idan na ba shi, akwai abin da zai same ni? Kuma kuɗin da suka riƙe, za mu iya kai ƙara?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da abin da ba ya jiran gobe: kada ki ba shi katin, kada ki ba shi lambar asusun. Ko da a ce wasan halal ne a dokar inda kuke zaune, buɗe asusu da sunan wani domin wani ya buga matsala ce mai zaman kanta, kuma a kanki za ta sauka. Zan dawo kan wannan. Amma tunda maigidanki ya kawo hujjoji biyu, lasisi da ƙwarewa, ya kamata ki san nauyin kowace, domin in kin zauna da shi kada ya rufe miki baki da kalmomin da shi ma jin su ya yi.

Hatimin nan da ya nuna miki hoto ne kawai, kowa zai iya liƙa shi a shafinsa. A ce ma na gaske ne. Lasisi izini ne da wata gwamnati ta ba kamfani, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa a inda ikon wannan gwamnatin ya ƙare. Kamfanonin caca na intanet da yawa suna karɓar nasu daga ƙananan wurare irin su Malta, Jibralta da tsibirin Kurasawo da ke tekun Karebiyan. A Kurasawo, shekaru da dama 'yan kamfanoni ƙalilan ne ke riƙe da babban lasisi suna sayar wa ɗaruruwan shafuka rassansa, babu mai bin diddigi sosai, sai a ƙarshen 2024 aka yi sabuwar doka don gyara lamarin. Takardar da aka buga a can ba ta halatta komai a ƙasar da mijinki yake kwance yana danna waya.

An taɓa gwada wannan a kotu. Wani gidan caca da ke Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, yana karɓar 'yan wasa daga Afirka ta Kudu ta intanet. Hujjarsa ita ce kwamfutocinsa suna ƙasarsa, a can ake raba kartar, don haka a can cacar take faruwa. A 2011 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Kudu ta ce a'a, caca tana faruwa ne a inda ɗan wasa ya zauna ya zuba kuɗinsa. Birtaniya ma tun 2014 ta ce duk kamfanin da zai karɓi kuɗin mutumin da ke cikinta, ko a ina hedikwatarsa take, sai ya mallaki lasisin hukumar caca ta Birtaniya. Yawancin ƙasashen da suka tsara harkar wannan hanyar suka bi. Don haka tambayar da za ki yi masa ita ce: hukumar ƙasarmu ta san da su? Amsar tana shafin hukumar kanta, inda ake jera sunayen masu lasisi. In babu sunansu a can, hatimin ado ne.

A wasu ƙasashen ma ba a gama da sunan ƙasa ba, sai an gangara jiha. A Amurka, jihohin Nebada, Niyu Jasi da Delawaya sun buɗe ƙofar karta ta intanet a 2013, alhali jihar Yuta ba ta yarda da kowace irin caca ba. A Najeriya, kotun ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a watan Nuwamban 2024, ta ce jihohi ne ke da hurumin tsara harkar. Mutum biyu su buga wasa ɗaya a manhaja ɗaya a dare ɗaya, ɗaya yana cikin doka, ɗaya ya taka ta, tsakaninsu kuwa tafiyar sa'a guda ce a mota.

Sai maganar ƙwarewa. A nan zan yi wa maigidanki adalci, domin ba ƙarya zalla ya faɗa ba. Masana shari'a sukan ce caca tana zaune ne a kan duwatsu uku kamar tukunya: ka zuba wani abu, akwai abin da za a ci, kuma sa'a tana da hannu a wanda zai ci. In aka zare dutse ɗaya ba caca ba ce. Shi ya sa karta a waya ba da kuɗi ba, ko da maki na wasa da ba a mayar da su kuɗi, kusan babu dokar da ta damu da ita. Rigimar duka a kan dutse na uku take. Karta ba kamar jefa kwabo ba ce. Wanda ya iya lissafi, ya iya karanta abokin wasa, ya san lokacin ajiye hannu, yakan fi ɗan koyo. Kotun ƙolin Indiya ta yarda da haka tun 1967 a kan wasan kartar da suke kira rami (a kunnen Bahaushe sunan ya yi daidai, ban kuwa ga laifin kunnen ba), ta ce gwaninta ta rinjayi sa'a a cikinsa. A 2012 wani alƙalin tarayya a Niyu Yok, Jack Weinstein, ya faɗi irin wannan a kan foka, wani nau'in karta.

To amma ki ga yadda labarin ya ƙare a duka wuraren biyu. Kotun sama ta warware hukuncin Weinstein a 2013. Indiya kuwa, bayan kamfanoni sun shekara da shekaru suna fakewa da wancan tsohon hukunci suna tara biliyoyi, majalisarta ta yi doka a watan Agustan 2025 da ta haramta duk wasan intanet da ake zuba kuɗi don a ci kuɗi, ta kuma faɗa ƙarara cewa ko na gwaninta ne ko na sa'a duk ɗaya. Mai gudanar da irin wannan wasa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, an kuma hana bankuna wucewa da kuɗin. Cikin 'yan kwanaki manyan manhajojin ƙasar suka rufe ɓangaren kuɗi. Dokar caca ta Birtaniya ta 2005 tun farko ba ta ɓata lokaci ba: wasan da ya haɗa sa'a da ƙwarewa wasan sa'a ne, ko da gwanin gwanaye zai iya danne sa'ar. Ke nan kalmar "wasan ƙwaƙwalwa" talla ce da kamfanoni ke so, dokoki kuwa suna ta ƙara toshe kunne da ita.

Akwai kuma abin da masu cewa "wanda ya iya shi ke ci" ba sa son lissafawa. Kamfanin ba ya buƙatar ya ci kowa. Daga duk kuɗin da aka tara a tsakiyar tebur yana cire kamashonsa, sau da yawa wajen kashi 5 cikin 100. Ki ɗauka mutum shida sun zauna kowa da 100, kowane zagaye ana tara 20, kamfani ya ɗauki 1. Karta a intanet ba a jiran a cakuɗa a raba, zagaye 100 ba ya cin dare guda. Kafin su tashi, 100 cif, wato jarin mutum guda, ya bar teburin ya shiga aljihun da bai buga ko sau ɗaya ba. Don mutum ya fita da riba, bai isa ya fi abokan wasansa ba, sai ya fi su da tazarar da za ta biya kamashon ta bar saura. 'Yan kaɗan ne ke iya haka, kuma da kuɗin sauran suke rayuwa. Sannan da wa yake bugawa? Ba ya ganin fuska. Zai yiwu mutum uku a teburin suna waya ɗaya suna gaya wa juna abin da ke hannunsu, zai yiwu na'ura ce aka saita take bugawa. A 2007 an gano cewa a shafin Absolute Poker akwai asusun cikin gida da ke ganin kartar kowa a rufe, kuma 'yan wasa ne da kansu suka bankaɗo abin bayan sun bi lissafin wasannin. Wace ƙwarewa ce za ta ci wanda ke kallon hannunka?

Kin tambayi ko akwai abin da zai sami mutum. Galibin dokoki kan mai gidan cacar da masu wucewa da kuɗi suke sauka. Dokar cacar intanet ta Amurka ta 2006 bankuna da kamfanoni ta nufa, ta Indiya ta 2025 ma ba ta tanadi hukunci ga ɗan wasa ba. Amma ba ko'ina haka yake ba. A Jamus, shiga cacar da ba ta da izini laifi ne da zai iya kai mutum ɗaurin wata 6. A Japan an gurfanar da mutanen da suka buga a shafukan ƙetare daga cikin ɗakunansu. Jihar Washintan ta Amurka ta mayar da cacar intanet babban laifi tun 2006. A ƙasashe da jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci kuwa, ɗan wasan kansa mai laifi ne, babu ruwan alƙali da inda kwamfutar kamfanin take.

Yanzu mu zo kanki, don a nan zuciyar maganar take. Duk kamfanin caca, na kirki da na banza, yana da sharaɗin cewa mutum ɗaya asusu ɗaya, kuma mai sunan shi ne mai bugawa. Lokacin zuba kuɗi ba sa tambaya da yawa, hannu bibbiyu suke karɓa. Ranar cirewa ce za su ce a turo hoton fuska riƙe da kati, ko a yi magana ta bidiyo. Suna kuma ganin cewa waya ɗaya ce, layin intanet ɗaya ne, salon wasa ɗaya ne da na asusun da suka rufe. A ranar sun sami hujjar da suke nema ta ƙwace duk abin da ke ciki, na sabon asusu da na tsohon, kuma wannan karon gaskiya tana gefensu. Wato dabarar da yake ganin za ta cece shi ita ce za ta binne kuɗin da yake jira.

Wannan ƙaramar asara ce. Babbar ita ce duk kuɗin da ya shiga ko ya fita, da sunanki ya bi. Bankuna a ko'ina suna ƙarƙashin dokokin hana halatta kuɗin haram, kuma shige da fice tsakanin asusun mutum da shafin caca na ƙetare yana cikin abin da ke kunna musu fitila. In sun daskarar da asusu, naki ne, da ɗan abin da kika tara a ciki. In hukuma ta aiko da takardar gayyata, sunanki ne a kai. In shafin yana biyan mutane ta hanyar tura kuɗin wani ɗan wasa kai tsaye zuwa asusun wani, kamar yadda marasa lasisi kan yi, za ki iya wayar gari kuɗin sata ko na damfara ya sauka a wurinki ba ki san mai shi ba. Ki je ki ce "ai mijina ne ke bugawa", kin amsa da bakinki cewa kin ba da shaidarki an yi ƙarya da ita. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Hoton katin naki kuma ya tafi ke nan, yana hannun mutanen da ba ki san ƙasarsu ba, ba ki da hanyar karɓo shi.

Zan faɗa miki wani abu da ba daɗin ji, ki riƙe shi a ranki ba tare da kin tuhume shi ba tukuna. Ke ba ki ga rufewar asusun nan ba, gaya miki aka yi. Zai yiwu gaskiya ne: akan rufe saboda takardu ba su dace ba, ko an kama mutum yana ɓoye ƙasar da yake da manhajar sauya wuri, ko kamfanin ne kawai maci amana. Amma kuma "sun riƙe mini kuɗi" magana ce da ta fi sauƙin fita daga bakin magidanci fiye da "na cinye su". Ki ce ya nuna miki saƙon da suka aiko, da tarihin zubawa da cirewa tun farkon shekarar. Kowace manhaja tana ajiye wannan. Ku haɗa abin da ya shiga, ku haɗa abin da ya fito, ku debe. Ɗan caca yana tuna daren da ya ci kamar ranar aurensa, dararen da aka ci shi kuwa sun narke sun zama ɗaya. In ya ƙi nuna miki, ƙin ma amsa ce.

Game da kai ƙara: in kamfanin yana da lasisin ƙasarku, akwai hanya. A rubuta musu koke a ajiye kwafi, in ba su warware ba a kai wa hukumar da ta ba su lasisi ko mai sasancin da ta amince da shi. A Birtaniya, misali, mako 8 aka ba kamfani kafin maganar ta wuce gaba. In na ƙetare ne, hukumar da za ku kai wa kuka tana wata nahiya, kuma ba ku ne 'yan ƙasarta ba. In kuwa wasan haramun ne a inda kuke, kotu ba ta saba taya mutum karɓo ribar abin da doka ta hana ba. A Afirka ta Kudu ma gwamnati ce ke ƙwace irin wannan kuɗi. Ko manyan kamfanoni ba su zama tabbas ba. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe shafukan PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker a wuni ɗaya. Da aka buɗe littattafan Full Tilt, 'yan wasa suna bin sa kimanin dala miliyan 390, abin da ke bankinsa bai wuce kimanin miliyan 60 ba. Lambar da mutane ke gani a allo suna cewa "kuɗina" ashe lamba ce kawai. 'Yan Amurka sai a 2014 suka fara ganin nasu, shi ma don gwamnati ce ta tsaya a kai. In kuɗin da aka riƙe masu yawa ne, lauya na inda kuke zai gaya muku cikin zama ɗaya ko akwai abin bi. Abin da kada ku yi ko kusa: in aka ce a ƙara zuba wani abu "don a buɗe asusun", ko wani ya bullo ya ce zai karɓo muku in kun biya shi tukuna, wannan damfara ce ta biyu a kan ta farko.

Ba ki tambaye ni hukuncin addini ba, ina jin don kin san shi. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya, ta 91 kuma ta faɗi abin da suke haifarwa, gaba da ƙiyayya tsakanin mutane. Lasisin gwamnati bai taɓa goge wannan ba, kamar yadda lasisin mashaya bai halatta abin da ke cikin kwalba ba. Na kawo shi ne don in ya ce miki "ai doka ta yarda", ki san tambaya ɗaya kawai ya amsa, in ma ya amsa ta.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wannan: mutumin da aka riƙe wa kuɗi, mai hankali ya ce ya ja baya ya ga ƙarshen maganar. Shi kuwa ko wata bai iya yi ba tare da tebur ba, har yana neman shiga ta taga da rigar matarsa. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka tun 2013 suka sanya cutar caca a aji ɗaya da shaye-shaye, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Alamominta sanannu ne: komawa don fanshe abin da aka rasa, ƙara yawan abin da ake zubawa, ɓoye gaskiyar adadi, rashin sukuni in an hana, da jingina da kuɗin wasu. Ni ba zan yanke masa hukunci daga nesa ba, ke ce kike ganin idonsa da ƙarfe biyun dare. Amma ki duba da kyau.

In za ki yi masa magana, kada ki zaɓi lokacin da wayar ke hannunsa ko daren da aka ci shi. Kada ki shiga gardamar ko caca ce ko ba caca ba, zai ja ki cikinta har asuba. Ki tsaya a kan naki: "Maigida, sunana da asusuna ba zan bayar ba, don in abu ya ɓaci ni za a nema, yaran nan kuma ba su da wata uwar. Amma zan zauna da kai mu duba lissafin, mu rubuta musu koken tare." Kin ƙi abu ɗaya, kin miƙa hannu a wani. Kuɗin cefane da na makarantar yara a ware su ranar da suka shigo. In ya ci bashi don wasan, kada ki sayar da abinki ki biya a ɓoye, domin bashin da aka biya wa ɗan caca cikin sauƙi sabon jari ne. In ya yarda yana so ya daina, kamfanoni masu lasisi suna da tsarin da mutum zai sa a hana shi shiga na watanni ko shekaru, bankuna da yawa suna iya toshe biyan kuɗi zuwa shafukan caca, akwai kuma likitoci da masu ba da shawara da wannan ne aikinsu. In ya ƙi saurare, ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko malaminsa, mai riƙe sirri, kada ki tara masa dangi. In kuma ƙin da kika yi ya jawo tsawa ko barazana, wannan ya wuce maganar karta, ki sanar da naki magabatan a ranar.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan, ki tuna ko kin taɓa tura masa hoton katin shaidarki don wata hidima, ko ya san lambobin sirrinki na banki. In haka ne ki canza lambobin, ki kunna saƙon da banki ke turowa a duk motsin kuɗi, ki kuma tabbatar layin wayar da saƙon ke shiga yana hannunki.